Ɓargon Yaya Ercilia

Medellín, Mayu 1996

Yaya Ercilia,

Ina gaishe ki da kyau, ke da yara da duk mutanen Playa Honda da suka cancanci gaisuwa. Ina gaida mijinki Hermógenes, wanda na san shi ne riƙe da takardar nan yana karanta miki. Hermógenes, ka bi ta a hankali, kada ka tsallake kalma don ta fi ƙarfin bakinka. Ni lafiyata ƙalau, in ban da kafaɗar da bulo ya cinye. Autanmu Tiberio ne ba lafiya, kuma abin ba ƙarami ba ne.

Ya fara ne bayan Ista, da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da kaluluwa a wuya. Na ɗauka murar garin nan ce, na yi ta ɗura masa ruwan mazarƙwaila da lemun tsami, ya ci gaba da bina wurin gini. Sai idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, haɓo ya ƙi tsayawa. Na goya shi zuwa asibiti. Mai gadin ƙofa ya kalli baƙar fatarmu, ya kalli takalmanmu, ya ce mu jira. Abin da na gaya masa ba na sawa a takarda ba ne, amma dai ya buɗe.

Wata likita ce ta riƙe shi, sunanta Zuluaga, gajeruwa, ba ta dariya, amma tana amsa tambaya. Ta ce ko a danginmu maza na mutuwa da ƙuruciya? Na ambata mata ɗan'uwanmu Eliécer, da ya tafi tun bai fara makaranta ba, da ƙannen Mama da ba mu taɓa gani ba. Kin tuna dukansu an ce kambun baka ne. Ta ajiye biro ta daɗe tana kallona.

Ga bayaninta. Ban karɓa haka nan ba, sai da na je ɗakin karatu na gari ranar Lahadi na bi littattafansu da yatsa har na gane. Ƙwayar cutar da ta kama shi ba wata abar tsoro ba ce. Ta miyau ake ɗauka, kuma kusan duk wanda ya girma yana ɗauke da ita, da ni, da ke, da mijinki. A jinin kowa akwai wasu ƙwayoyi farare masu gadin jiki. In cutar ta shigo, sukan gane inda ta ɓuya, su kashe, mutum ya yi ɗan zazzaɓi ya tashi. Na Tiberio suna ganewa, suna taruwa, amma kisan ne ba su iya ba. Kamar karnukan farauta ne marasa haƙora da suka zagaye aladen daji a gonar shinkafa. Sai haushi, sai kiran waɗansu karnukan, har su tattake gonar gaba ɗaya, aladen yana tsaye. Su ne suka ci masa hanta. Masu gadinsa ne ke kashe shi, Yaya. Sunan abin a takardar asibiti, karyewar garkuwar jiki.

Yanzu sun ba shi maganin da ya kwantar da su, zazzaɓin ya sauka, yana cin abinci. Amma likita ta ce kwanciya ce kawai, za su sake tashi. Magani ɗaya ne, a canza masa wurin da jiki ke ƙera masu gadin. Sunan wurin medula. Ana ɗibar ta mai lafiya a sa masa, amma sai wadda ta dace da jininsa. An gwada tawa, ba ta dace ba. Na zagi kowa a ɗakin, har da hoton Waliyyi Faransis da ke bango, ba ta canza ba. Uwa ɗaya uba ɗaya, saura ke.

Ki zo. Za su fara gwada jininki, in ya dace su ɗebi medular. Ta baya suke ɗiba, da allura, mutum yana barci. Na yi magana da direban motar Quibdó, mai ƙaton gashin baki, shi ne zai kawo wannan takardar bakin ruwa, kuma shi zai ɗauko ki. Ba wata-wata, Yaya, lokacin da muke da shi na aro ne.

Auta ya ce in gaya miki ki taho da busasshen kifi, wai abincin asibiti ko kaza ba za ta tsattsaga ba. Tun da ya ji ta miyau ake ɗauka yake washe baki, don akwai wata yarinya mai sayar da wainar masara a kusa da ginin da muke aiki. Yana kwance kamar tsinke, amma so yake kowa ya san an taɓa sumbatarsa.

Ƙaninki,
Ovidio

*

Playa Honda, Yuni 1996

Ovidio,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, yayarka da yara uku duk lafiya, sai ƙaramin da ke haƙora. Ruwa ya yi yawa bana, ya ci mana ayabar da ke gangare. Muna yi wa Tiberio addu'a.

Takardarka ta iso, kuma ban tsallake ko kalma ɗaya ba, tunda haka ka ce. Ka san yadda ake yi a nan, in mai jirgi ya miƙo takarda daga birni, a bakin ruwa ake buɗe ta, kowa ya matso ya ji labarin nasa. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Da na kai inda ka rubuta sunan cutar, Aristarco mai rediyo ya ce a dakata. Ya ce wannan sunan ya sha jinsa, shi ne cikakken sunan sida, ciwon da ke ƙanjame mutanen birni. Ya ce likitoci haka suke faɗa in ba sa son tayar da hankalin dangi.

Tun ranar mata sun koma can ƙasa da gidanmu suke wanki. An daina aiko yara su yi wasa da namu. Mutumin da nake sassaƙa wa kwalekwale ya ce in dakata tukuna. Tiberio ya kwana a gidan nan lokacin Kirsimeti, ya sha ruwa a kofunanmu, kowa ya sani.

Ina tambayarka tsakanin namiji da namiji. Yaron nan ka karɓe shi a hannun yayarka lafiyarsa ƙalau, ka ce za ka koya masa aiki. Ina ka kai shi? Kai da kanka ka rubuta maganar mace. Ka faɗi gaskiya, in ya so mu san abin da za mu gaya wa mutane. Karatun da ka koya a jaridun ƙunshe kifi bai sa ka fi kowa wayo ba.

Sai maganar medula. Yayarka ba ta ci abinci ba ranar. Ta ce in gaya maka tana tsoron in ta yarda da wannan abu ba za ta iya tafiya ba. Wa zai riƙe yara uku? Wa zai shiga gona? Kai ma ka ga yadda aka dawo da Nemesio daga asibiti. Ka rubuta abin kamar aron tukunya kake nema. Ni ban yarda ba, kuma ni ne mijinta. Ku nemi wata hanya, birni ba ya rasa hanya.

Ta aiko da busasshen kifi da man kwakwa, ta ce a shafa masa a ƙirji.

Hermógenes Palomeque

*

Medellín, Yuni 1996

Yaya Ercilia,

Ina gaishe ki, ina gaida yara, Allah ya sa ƙaramin ya fito da haƙoransa lafiya. Kifi ya iso. Ba a bari a shigar masa da shi ba, don yanzu ko ƙurar waje ba a so ta taɓa shi. Na ɗaga masa ta bayan gilashi ya gani. Hermógenes, kai ban gaishe ka ba, kada ka ƙara da bakinka.

Sida. Wato ƙaninku yana kwance, ku kuna bakin ruwa kuna sauraron fatawar Aristarco, mutumin da ya taɓa shelanta ƙarshen duniya don batirinsa ya yi sanyi. An gwada Tiberio, ba shi da sida. An sake gwadawa, ba shi da ita. Sunan ne ya yi kama, don duka biyun garkuwar jiki suka shafa. A sida, cuta ce ke shigowa daga waje ta karkashe masu gadi. Shi kuwa Auta da haka aka haife shi. Ba a gidan karuwai ya samo ba, a cikin Mama ya samo. Mata ne ke ɗauke da abin ba ya taɓa su, maza yake kayarwa, wani ya faɗa wa wani ya tsallake. Ya tsallake ni, ya ɗauki Eliécer, yanzu ya zo kan Auta. Ba a ɗauka a kofi, ba a ɗauka a ruwan wanki. Ka koma bakin ruwan ka karanta musu wannan ma, da ƙarfi, in kana da kunya.

Kuma ka ce ina na kai shi. Na kai shi inda ake ɗaukar siminti a ka tun safe har yamma, ana kiranmu da launin fatarmu don ba wanda ya damu ya riƙe sunanmu. Can na kai shi, don a Playa Honda ba abin da ya rage masa sai wankin yashi neman zinariyar da ta ƙare tun zamanin kakanmu. Jaridun ƙunshe kifi kuwa, e, a nan na koya. Kai da aka biya maka makarantar fadan coci, me ka karanta da ita ban da takardun mutane a bainar jama'a?

Yanzu ke, Yaya. Wai ba za ki iya tafiya ba. Ke? Ke da kika tuƙa kwalekwale cike da ayaba har Quibdó da tsohon ciki? Ke da kika goya Auta kika ratsa daji da shi ranar da Mama ta rasu? Yau yini ɗaya a ruwa da yini ɗaya a mota ne ya gagare ki? Hanyar ba ta da kyau, na sani, ni ma ita na biyo. Ana amai, ana addu'a, ana isowa. Yara uku ba za su mutu ba don ubansu ya dafa musu shinkafa na ɗan lokaci. Shi kuma Nemesio me ya kawo shi cikin maganar nan? Nemesio daga kan bishiyar chontaduro ya faɗo, a buge. Ba asibiti ne ya karya shi ba. In tsoron asibiti ne, ni zan tsaya a kanki har ki farka.

Ban yarda bakinki ne ya faɗi wannan ba. Na fi zaton mijinki ne ya sa miki magana a baki, tunda biro a hannunsa yake.

Ki ji halin da ake ciki. Maganin da ke kwantar da masu gadin bai san na kirki da na banza ba, duka yake kwantarwa. Saboda haka jikinsa yanzu gida ne ba ƙofa. Sun sa shi a ɗaki shi kaɗai, in zan shiga sai na wanke hannu har gwiwa, na rufe baki da hanci, na sa wata riga kamar mai yankan nama. Bakinsa ya yi fari da gyambo. Likita Zuluaga ta ce ba za su iya riƙe shi haka har abada ba. In sun ci gaba da maganin, wata cutar za ta shigo ta ɗauke shi. In sun daina, karnukan su farka. Kullum sai ta tambaye ni ina 'yar'uwar, da irin kallon nan na mutanen birni, kamar tana cewa dama haka kuke.

Shi ma yana tambaya. Na ce masa kogi ne ya cika. Ya ce, "Yaya Ercilia da kogi? Ai kogi ne ke tsoronta." Na ce to, ya yi barci.

Ki zo.

Ovidio

*

Medellín, Yuli 1996

Ercilia,

Ina fata kuna lafiya, tunda masu lafiya ne ke iya yin shiru haka.

An ce ƙasa ta zabtaro ta rufe hanyar Quibdó. Na yi ta zuwa tasha ina tambaya, har masu sayar da tikiti suka sa mini suna Mai Jiran Gawa. Yanzu an buɗe, motoci suna shigowa da laka har tagogi. Na tsaya na kalli kowace mace da ta sauko. Ba ke, ba takarda.

Zazzaɓin ya dawo. Idanun sun sake yin ɗorawa, ƙafafunsa sun kumbura, fatarsa duk ɗigo-ɗigon jini. Likita ta nuna mini jininsa a madubin ƙara girma, wai tunda ina son sani. Na ga masu gadin da idona, manya-manya, sun haɗiye 'yan'uwansu jajayen ƙwayoyin jini, ana hango su a cikinsu. Gidan da aka ba su gadi suke ci. Na ce mata na san irinsu, a danginmu ma akwai.

An kore ni a wurin gini don yawan fashi. Ban damu ba. Yarinyar nan mai wainar masara ta zo sau ɗaya, ta tsaya bayan gilashi tana kuka, wai ita ta jawo. Na ce mata ta tafi gida, ba ita ba ce. Bare ke nan, Ercilia, ta zo.

Auta ya daina tambayarki. Ni ma ya daina yi mini tsiya. Jiya ya ce in ba shi labarin yadda kike kama kifi da zani, na fara, sai na ga ba zan iya ba.

Ke kika raine mu, ban manta ba. Amma in yaron nan ya tafi kina zaune a Playa Honda kina jin tsoron mota, kada ki ƙara ce mini ƙaninki. Ki ce wani Ovidio da kika taɓa sani.

O.

*

Playa Honda, Yuli 1996

Ƙanena Ovidio,

Ina gaishe ka, ina gaida Autana. Mu lafiya lau. Wannan hannun Malama Baudilia ne ta makaranta, ba na Hermógenes ba, kuma na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara.

Takardunka biyu tare suka zo, bayan an buɗe hanya. Ta farkon ya karanta mini, har da zaginsa da ke ciki, bai rage ba. Ta biyun ya fara, sai ya naɗe ya ce ba komai a ciki. Na karɓa na kawo wa Malama. Na ji duka. Bakinka tun kana yaro haka yake, ban riƙe ka ba. Amma ka daina zagin mijina. Bai sa mini magana a baki ba, abin da na ce shi ya rubuta.

Ni ban taɓa cewa ina tsoron mota ba. Kai mai karatu, ban san yadda ka karanta ba. Tafiya na ce, tafiya da ƙafa. Ranar da aka dawo da Nemesio ina wurin. Matarsa ta ce likita ya ce medularsa ce ta taɓu, kuma in medula ta taɓu an gama. Tun ranar a tabarma yake, ita ke juya shi, ita ke wanke shi. Shi taɓuwa kawai tasa ta yi. Ni ka ce ɗiba za a yi, ta baya, da allura. Na ce Malama ta duba mini a ƙamus ɗin makaranta ko akwai wata. Ta duba, ta ce medula ita ce lakar da ke cikin ƙashin baya, daga wuya har ƙugu. To ka ga ba jahilcina ba ne.

Ban ce ba zan bayar ba. Tun ranar farko na san zan bayar. Lokaci nake nema in shirya. Na yaye ƙaramin da wuri, ya yi kuka ya gaji. Na koya wa babbar girki da wanki, hannunta bai kai tukunya ba sai ta taka turmi. Mun girbe shinkafa. Na je kabarin Mama da ƙafata, na share, na gaya mata. Na hau tudun nan na bayan coci da ban taɓa hawa ba, don in ga garin daga sama. Hermógenes ya yi faɗa, ya yi roƙo, ya je wurin fadan coci, a ƙarshe ya haƙura.

Ina nan tafe a jirgin farko da zai sauka. Abu biyu nake so. Ka samo mini ɗaki a ƙasa, ba mai bene ba, don bayan an gama. Kuma kada ka gaya wa Tiberio abin da zai same ni. In ya sani ba zai karɓa ba, na san shi. Ka ce masa jini ne kawai.

Ka tambayar mini likitar, shi zai tashi ya yi tafiya sosai? In zai yi, shi ke nan.

Yayarka har gobe,
Ercilia

*

Medellín, Agusta 1996

Hermógenes,

Ina gaishe ka, ina gaida yara. Matarka tana lafiya, tana nan kusa da ni tana tsintar shinkafa. Tiberio ya rasu ranar Lahadi da safe. Ka zauna kafin ka ci gaba, kuma wannan ka karanta a ɗaka.

Takardar da Malama Baudilia ta rubuta a aljihun direba ta zo, a motar da ta kawo Yaya. Saboda haka ban karanta ba sai bayan na gan ta. Ta sauko da ƙunshi a ka, da sanduna biyu na guragu ɗaure a jikin ƙunshin. Na ce na waye? Ta ce nata. Na ce me ya sami ƙafarki? Ta ce ba komai tukuna. A nan tsakiyar tasha, cikin hayaƙi da masu tallan kofi, ta yi mini bayani, a hankali, kamar mai ba ni saƙon cefane.

Ɓargo ne, Hermógenes. Ɓargo. Wanda take fasa mana ƙashi ta raba mana in an yi miyar shanu a bikin San Pacho. Suna ɗaya likitoci suka ba abu biyu, lakar baya medula, ɓargon ƙashi ma medula. Na ƙashin ƙugu suke ɗiba, nesa da laka. Da ta yi ɗan ciwon kwankwaso ta tashi, jiki kuma ya mayar da abin da aka ɗiba. Na faɗa mata haka da ihu har ɗan sanda ya matso. Ta sauke ƙunshin ta zauna a kai. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To me ya hana ka ce ɓargo?"

Ina da amsar kowa a duniya, ka sani. Wannan ban da ita. Kalmar likita ce, na same ta a littafi, ta yi mini daɗi a baki. Na zagi wanda ya rubuta ƙamus ɗin makarantarku. Na zagi likitocin da suke da kalma dubu amma suka yi rowar ɗaya. Na gaya wa Likita Zuluaga, ta ce ai kusan kowane mai bayarwa da wannan tsoron yake zuwa, shi ya sa suke zaunar da shi su yi masa bayani. Na ce wanda ke bayan kogi fa, wa ke zaunar da shi? Ta ce ba ta yi tunanin wannan ba. Ba ta yi tunani ba. Kai ma da ka rubuta kalmar gurgunta ƙarara, da ko ina cikin fushi na gani. Kowa ya sa hannu, kuma duk zagin bai ɗaga shi daga gadon ba.

A ranar aka ɗebi jininta don gwaji. Aka sa mata rigar, aka rufe mata baki da hanci, ta shiga. Ya kumbura har ba za ka gane shi ba, amma shi ya gane ta da ido kawai. Ya ce, "Kogin ya sauka ke nan?" Ta ce ya sauka. Ya ce ta yi ƙiba. Ta ce ƙarya yake, rigar ce. Ta zauna tana shafa masa kai, ma'aikaciya ta ce lokaci ya yi, ta yi kamar ba ta ji ba, suka ƙyale ta. Likita ta ja ni gefe ta ce ko da ya dace, ba a iya yin aikin sai jikin ya lafa, kuma hantar ta riga ta tafi. Ta ce da a watan Yuni ne. Ban bari ta ƙarasa ba.

Sakamakon ya fito bayan mun binne shi. Ya dace, duka, ba inda ya kauce. Likita ta faɗa mana a tsaye a baranda. Yaya ta ce na gode, ta juya.

Ba mu iya kawo shi gida ba, a nan muka sa shi, a maƙabartar da ke kan tudu. Matan yankinmu da ke aikatau a unguwannin masu kuɗi suka zo da yamma bayan sun tashi, Yaya ta ja musu waƙoƙin rakiyar mamaci, suka amsa. Maƙwabta suka leƙo ta taga suna kallonmu. Ta ce a yi masa addu'ar kwana tara a Playa Honda, a gidanku, a kafa tebur da farin ƙyalle da kofin ruwa yadda ake yi wa kowa. Wanda ke tsoron kofunanku ya zauna a gidansa.

Akwai wata magana. Likita ta tambayi Yaya 'ya'yanta nawa ne maza. Ta ce biyu. Tana so ta gan su, tun kafin cutar ta same su, don in an gane da wuri aikin ya fi sauƙi. Wataƙila ya tsallake su kamar yadda ya tsallake ni. Jini kaɗan za a ɗiba a hannu, a lanƙwasar gwiwar hannu, kamar cizon sauro. In akwai kalmar da ba ka gane ba a nan, ka tambaye ni. Ba zan yi maka tsiya ba.

Yaya za ta taho ranar Asabar, ka tarye ta a Quibdó. Ta ce ba za ta koma da sandunan ba.

Na duba su. Itacen kwalekwale ne mai kyau, ka goge su har ba inda zai soki hannu, ka naɗe kawunansu da tsumman rigarka ta zuwa coci. Ta ce tsayar da ita ka yi a jikin bango ka auna daga hammata zuwa ƙasa, ka kasa riƙe igiyar awon, sai babbar 'yarku ce ta riƙe maka. Suna nan bayan ƙofata. Ban san abin da zan yi da su ba, kuma na kasa jefarwa.

Ovidio